Tsakanin Zane da Sassaƙa: Nazari a Kan Ayyukan Frank Stella

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa ya san bambancin zane da sassaƙa. Zane shi ne abin da ake yi da alƙalami ko fenti a kan abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, kamar takarda ko allo ko bango. Sassaƙa kuwa aiki ne mai jiki, kamar turmi ko akushi, wanda mutum zai iya zagaya shi ya taɓa shi ta kowane ɓangare. To amma akwai wata fasaha ta zamani da ta haɗa biyun a aiki guda, har mai kallo ya rasa sunan da zai kira ta da shi. Wannan maƙala za ta duba ayyukan wani gwani a wannan fanni, sannan ta nemi sunan da ya dace da irin aikinsa a Hausa.

Wane Ne Frank Stella?

An haifi Frank Stella a jihar Massachusetts ta Amurka a shekarar 1936. Ya karanta tarihi a Jami'ar Princeton, ya kammala a 1958, sannan ya koma birnin New York. Ba ya zana mutum ko dabba ko itace. Kayan aikinsa su ne siffofin da muka sani a darasin lissafi, wato layi da kusurwa da murabba'i da alwatika da da'ira. Ya rasu a 2024 yana da shekara 87.

Matakan Aikinsa

Mataki na farko shi ne na baƙaƙen zane. Ya ɗauki baƙin fenti irin na shafen gida, ya ja layuka masu faɗi a jere a kan ƙyalle, ya bar siririn fili babu fenti tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa. An nuna huɗu daga cikinsu a gidan adana kayan fasahar zamani na New York a 1959. Katakon da ya ɗaure ƙyallen a kai yana da kauri, saboda haka aikin ya ɗan taso daga bango kamar akwati.

A mataki na biyu, daga 1960, sai ya bar siffar nan mai kusurwa huɗu da aka saba da ita. Ya yi aiki da fenti mai launin alminiyam da na jan ƙarfe, ya kuma yanke allon ya zama kamar harafin L ko T ko U. Daga 1967 ya shiga amfani da siffar rabin da'irar nan ta auna kusurwa da ke cikin akwatin lissafi, da launuka masu haske. Ya sa wa wasu ayyukan sunayen tsofaffin garuruwa, kamar Harran da ke ƙasar Turkiyya a yau.

Mataki na uku ya zo a farkon shekarun 1970. A nan ya fara manna katako da kwali da ƙyalle wani a kan wani, wasu sassa su fito waje, wasu su nutse ciki. Ya ba waɗannan ayyuka sunayen garuruwan Polan masu wuraren ibadar Yahudawa na katako, waɗanda aka rushe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan haka ya koma ga ƙarfe, yana lanƙwasa shi, yana shafa masa fenti, har wasu ayyukan suka sauko daga bango suka tsaya da kansu a ƙasa.

Matsalar Suna

A nan ne aikin ɗalibin harshe ya taso. Idan muka ce "zane", mun manta da tudu da kwari da inuwar da aikin ke jefawa a bango. Kada kuma a manta cewa kalmar tana da ƴar'uwa a rubutu: zane na ɗaurawa, mai gajeren wasali a gaɓar farko, da zane na alƙalami, mai dogon wasali. Idan kuma muka ce "sassaƙa", mun yi kuskure ta wata fuskar, domin masassaƙi rage itace yake yi da gizago, shi kuwa Stella ƙari yake yi, yana haɗa wannan da wancan.

Amma Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Wanda ya taɓa shiga tsohon birnin Zariya ko Kano ya ga yadda magina ke ƙawata fuskar zaure. Sukan fitar da siffofi irin su dagi da da'ira su taso daga jikin bango, sannan a bi su da launi. Wannan ado ana ce masa zayyana. Hanyar maginin Zariya daban, ta Stella daban, sai dai dukansu sun haɗa siffa da launi da tudu a wuri guda.

Kammalawa

Bisa wannan dalili, ina ba da shawarar a kira irin wannan fasaha "zayyana mai tudu". Sunan ya fito daga cikin harshen kansa, kuma zai fi sauƙin ganewa ga mai sauraron rediyo a kan kalmar aro da bai taɓa ji ba. Wannan ra'ayin ɗalibi ne, ba hukunci ba. Ƴan'uwa ɗalibai, idan akwai mai sunan da ya fi wannan dacewa, musamman wanda ya ji daga bakin magina, sai ya rubuto a fitowa ta gaba mu ƙaru da juna.