Darasin Lafiya: Me Ya Sa Sukarin Baba Ke Hawa Alhali Yana Shan Magani?

Da wuya a samu ajin da babu mai uba, uwa ko kaka da ke fama da ciwon sukari, wanda aka fi sani da ciwon suga. Sau da yawa muna jin su suna cewa, "Ina shan magani, amma sugana ya ƙi sauka." Darasinmu na wannan mako zai duba dalilin haka.

Yadda ciwon yake

Tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya da rogo, idan suka narke a ciki, sukari suke komawa su shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai suna fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin. Shi insulin kamar mabuɗi yake: shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka, jiki ya samu ƙarfi. Idan insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina amsa masa yadda ya kamata, sai sukari ya taru a jini. Wannan nau'i, wato nau'i na 2, shi ne ya fi kama manya, kuma kusan 9 cikin 10 na masu ciwon shi gare su.

Lambobin da ya kamata mu haddace

Ana auna sukari da ɗigon jini daga yatsa, a ma'aunin mg/dL. Idan an gwada mutum da safe kafin ya karya aka samu 126 ko sama, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to yana da ciwon. Ga yawancin manya masu ciwon, ana so ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, kuma ƙasa da 180 awa 2 bayan ci. Ƙasa da 70 kuwa ya faɗi da yawa. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Yawanci ana so ya zama ƙasa da kashi 7 cikin 100.

Abubuwan da ke sa shi hawa

Na farko, abinci. Wani zai daina sa sukari a shayi, amma ya cinye malmalar tuwo uku ko burodi guda. Wani ya koma zuma, alhali ita ma tana ɗaga sukari. Ko acha da ake yabo, idan aka cika kwano da ita, za ta ɗaga shi. Lemon kwalba, zoɓo, kunu da furar da aka zuba wa sukari sun fi komai saurin kai shi sama.

Na biyu, zama wuri ɗaya. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 sau 5.

Na uku, wasa da magani. Kawuna ya ji sauƙi sai ya ajiye ƙwayoyinsa, ya koma jiƙon ɗaci da ya saya a tasha. Bayan wasu watanni ƙusa ta soke shi a ƙafa bai ji ba, domin sukari ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji. Ciwon ya ƙi warkewa, sai da aka yanke masa yatsu biyu. Shuwaka da zogale ganye ne masu amfani a miya, amma ba sa maye gurbin maganin likita.

Na huɗu, zazzaɓi, damuwa da ƙarancin barci, duk suna iya ɗaga shi.

Alamomi

Idan ya hau: yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa, gajiya, rama, gani dishi-dishi, da rauni mai jinkirin warkewa. Haɗarin shi ne wani lokaci babu alama ko ɗaya, alhali yana ta lalata ido, ƙoda, zuciya da jijiyoyi a ɓoye. Idan kuwa aka ga amai, numfashi sama-sama ko magagi, a garzaya asibiti.

Idan ya faɗi: rawar jiki, zufa, yunwa da ruɗewa. In mutum yana cikin hayyacinsa, a jiƙa masa sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 ya sha. In ya suma kada a ɗura masa komai, a kai shi asibiti.

Aikin gida

1. Raba farantin mai ciwon: rabi ganye, kamar alayyahu, rama, zogale da kabeji, kwata wake, kifi, ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa.
2. Ware littafi ka riƙa rubuta masa sakamakon gwaji da kwanan wata, ya tafi da shi ranar ganin likita.
3. Duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, kuma kada ya yi yawo ba takalmi.
4. Raka shi tattaki bayan la'asar.
5. Tuna masa ya nemi shawarar likita kafin azumi, domin lokacin shan magani na iya canzawa.

Ranar 14 ga Nuwamba ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ranar haihuwar Frederick Banting, wanda shi da Charles Best suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Kafin ranar ta zagayo, kowa ya karanta wa na gida wannan darasi. Da yawa cikin iyayenmu ba sa iya karanta takardar asibiti, mu kuwa muna iyawa. Mai tambaya ya jefa ta a akwatin kulob, za mu kai wa malamin Bayoloji, amsa ta fito a allon mako mai zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.