DARASIN WATA: Kula Da Ƙaramar Mota Kafin Ta Kwanta A Hanya

 Darasinmu na wannan wata a kan ƙaramar mota ne. Ko ba ka da mota, ka karanta. Ita ce take kai dawarka da masararka kasuwa. Ita ce take kai mai naƙuda asibiti.

A ƙasar Zuru ƙananan motoci suna shan wuya. Akwai Golf da Starlet, akwai kuma tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗa irinta a Kaduna a 1975. Kullum suna kan hanyar Rijau da Kontagora, ko ta Dabai da Mahuta zuwa Koko, ko ta Ribah. Ga tuddai, ga ƙura, ga lodi. Idan mota ta mutu a daji da dare, rayuka suna cikin haɗari. Amma mota ba ta cika kwanciya ba tare da ta nuna alama ba. Aikin direba shi ne ya san alamomin.

DUBA ABU HUƊU KOWACE SAFIYA

Ka yi wannan kafin ka ta da injin, lokacin da yake da sanyi.

1. Ruwan lagireto. Ka tabbata ya cika. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da farin datti, su toshe lagireto. Ruwa mai launi da ake sayarwa don mota ya fi. In babu, ka sa ruwan sama mai tsabta.

2. Baƙin mai. Ka zaro sandar gwaji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu da suke jikin sandar. Idan launinsa ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa. Kada ka tuƙa motar. Kira makanike.

3. Man birki. Idan yana raguwa kullum, akwai inda yake yoyo. Wannan ba abin wasa ba ne.

4. Tayoyi. Ka duba iska da tsagewa, har da safaya. A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere. Idan ka ga 2521, an yi tayar a mako na 25 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana yawan gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Tsohuwar taya takan fashe ko da zanenta bai goge ba.

IDAN INJIN YA YI ZAFI

Wannan shi ne babban ciwon mota a bazara, musamman a watan Maris da Afrilu. Mota mai lodi tana hawan tudu, sai ka ga allurar zafi ta doshi ja. Me za ka yi?

Ka sauka gefen hanya, ka kashe injin nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari. Tafiyar minti biyar tana iya ƙona gasket, ko injin ya buga gaba ɗaya.

Kada ka buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, kuma a matse yake. Idan ka buɗe, zai yi tsartuwa ya ƙona maka fuska da hannu. Ka jira aƙalla minti 30. Kada ka watsa wa injin ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa.

Bayan ya huce, ka nemi dalili. Fanbel ya tsinke? Fanka tana juyawa? Akwai tiyon da ya fashe? Ciyawa da laka sun toshe gaban lagireto? Ƙara ruwa kawai ba magani ba ne in ba a gano dalili ba.

FITILA DA HAYAƘI

A gaban direba akwai jar fitila mai siffar buta. Idan ta kama kana cikin tafiya, mai ba ya zagayawa a injin. Ka tsaya, ka kashe mota. Mai siffar batir kuma tana nufin batir ba ya samun caji.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa, ko ƙura ta toshe filtar iska. Fari mai kauri da ba ya tsayawa, ruwa yana shiga injin.

KADA ARHA TA CUCE KA

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wasu direbobi sukan kashe injin a gangare don su rage shan mai. Wannan ganganci ne. Idan injin ya mutu, birki yakan yi tauri. Ka sauko daga tudu da ƙaramar giya, injin yana aiki.

A hanya mai ƙura, ka yi juyen baƙin mai duk bayan kilomita 5,000, tare da filtarsa. Ka rubuta ranar da kilomitar a ɗan littafi. Ga amfanin iya rubutu. Kuɗin juyen mai kaɗan ne a kan kuɗin sabon injin. Rigakafi ya fi magani.

Fasinjoji kuma, idan direba ya tsaya don injin ya huce, kada ku matsa masa. Sauri ya haifi nawa.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa huɗu ake dubawa da safe?
2. Me ya sa ba a buɗe lagireto da zafi?
3. An rubuta 1019 a gefen taya. Yaushe aka yi ta?

Ku amsa a aji tare da malaminku. Wanda ya san direban da bai iya karatu ba, ya karanta masa. Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.