Darasin Kasuwanci Daga Gonakin Inabin Rioja

ABUJA — Ƙasar Sifen ta fi kowace ƙasa a duniya faɗin gonakin inabi, fiye da hekta 900,000, kuma yankin Rioja da ke arewacinta ya yi fice wajen jar giyar inabi. Sanin kowa ne Musulmi ba ya cinikin giya. Abin da ya shafi ɗan kasuwa a nan shi ne yadda ƙananan gonakin gado suka tsare darajar amfaninsu.

A shekarun 1860 da 1870 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya halaka gonakin inabin Faransa. Fataken can suka gangaro garin Haro na Rioja neman kaya, ga shi kuwa tun 1863 layin dogo ya haɗa garin da tashar jiragen ruwa ta Bilbao. Dab da tashar jirgin ƙasan ne aka kafa masana'antar López de Heredia a 1877, wadda har yau ke hannun zuriyar mai ita.

Da kayan suka yi suna, masu algus suka shiga liƙa sunan Rioja a kan abin da ba na can ba. Saboda haka aka yi wa sunan kariyar doka a 1925, aka kafa hukumar sa ido a 1926.

Ƙa'idojin hukumar suna da tsauri. An ƙayyade nauyin jan inabin da za a tsinka a kowace hekta, a bisa al'ada kilo 6,500, domin itacen da aka ɗora wa 'ya'ya da yawa ba ya ba da mai kyau. Ana auna samfuri a ɗakin gwaji, sannan kwamitin ƙwararru ya duba launi da ƙamshi da ɗanɗano. Abin da ya faɗi jarrabawa ba ya samun hatimi, ko na gidan wane ne. Matakin da ake kira crianza sai an ajiye shi shekara 2, reserva shekara 3, gran reserva shekara 5. Wato jari ne ke kwance a ganga da kwalba tsawon wannan lokaci, kuma irin wannan haƙuri ya fi sauƙi ga iyalin da ke lissafi da jikoki a kan mai neman riba kafin ƙarshen shekara.

A nan gida, manoman Kudan da ke Jihar Kaduna suna noman inabin ci, amma yawanci yakan isa kasuwa babu sunan gari, babu tantancewa. A manyan kantunan Abuja kuwa inabin Afirka ta Kudu na zaune cikin roba, da sunan ƙasarsa a jiki. Manomi guda ba zai iya ɗaukar nauyin ɗakin sanyi da mai tantancewa ba. Ƙungiyar manoma za ta iya, muddin ta yarda ta mayar da kwandon da bai cika ƙa'ida ba, ko da na shugabanta ne.