Wace Sanda Ta Dace da Tsintsiyar Aiki?

Tambaya: Malam, na samu kwangilar sharar wani asibiti a Gwarzo da rumbunan hatsi a Kabo. Sandunan tsintsiyar da muke saye sai karyewa suke yi. Wace iri zan nema?

Amsa: Malama, aiki biyu ne a hannunki, don haka sanda iri ɗaya ba za ta wadatar ba.

A rumbun hatsi, inda ake tura ƙaiƙayi da ƙasa mai nauyi, itace ya fi. Ki sa kafinta ya fere miki marke, wanda manoma suka daɗe suna yin ƙotar fartanya da shi, ko darbejiya da gara ba ta cika so ba. Ya zama busasshe sarai, domin ɗanyen itace yana tsagewa da zarar hunturu ya kama. A goge shi sumul kada sartse ya shiga hannun ma'aikata.

A asibiti kuwa ban yarda da itace ba sam. Yana shan ruwan wanki, ya riƙe ƙwayoyin cuta. Ki nemi alminiyam ko roba mai kauri, ki bambanta launi, ta bayi daban, ta ɗakin masu jinya daban. Siririn ƙarfen nan mai fenti shi ne ke cin kuɗinki: tsatsa ta ci shi daga ciki, ya lanƙwashe.

Tsawon sandar ya kai haɓar mai shara, saboda yawan sunkuyo yana jawo ciwon baya. In za ki Kasuwar Sabon Gari a Kano, ki tafi da kan tsintsiyar ki gwada, don bakin murɗawar ba ɗaya ba ne.