Akila da Biriskila, Maɗinkan Tanti

Kafin a fara wannan darasi, sai mai jagora ya sa a karanta Ayyukan Manzanni 18:1-3 da 18:18-28, sa'an nan Romawa 16:3-5. In da hali, mace ta karanta sashi ɗaya, namiji kuma ɗaya, gama labarin miji da mata ne.

Sau shida aka ambaci waɗannan mutum biyu cikin Sabon Alkawari, ba a kuwa taɓa kiran sunan ɗaya an bar ɗaya ba. Luka ya ambace su sau uku cikin Ayyukan Manzanni, Bulus kuma sau uku cikin wasiƙunsa. A wurare huɗu sunan matar ne ya fara zuwa, abin da ba a saba yi ba a wancan zamani. Wata fassarar Hausa ta rubuta sunanta Bilkisu, amma mace ɗaya ce. Ba a bar mana wa'azinsu a rubuce ba, ba a kuma ce sun aikata wani al'ajibi ba. Abin da aka ba mu shi ne labarin sana'arsu, da ƙaurace-ƙauracensu, da ƙofar gidansu. Saboda haka labarinsu ya shafe mu ƙwarai, tun da shi ke yawancinmu ba masu hawa bagadi ba ne, manoma ne, da teloli, da malaman makaranta, da matan gida.

Akila Bayahude ne, mutumin Fantas, ƙasar da ke bakin Bahar Aswad cikin Turkiyya ta yau. Yana zaune da matarsa a Roma sa'ad da Kalaudiyas Kaisar ya ba da umarni Yahudawa su fita daga birnin. Masana tarihi suna sa wannan a wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu. Wani marubucin Romawa, Suwetoniyas, ya ambaci korar, ya ce dalilinta hargitsi ne da ya tashi tsakanin Yahudawa saboda wani mai suna Kirestus, masu bincike da yawa kuwa suna ganin gardama ce a kan Almasihu. Ta haka miji da mata suka tattara basilla da sauran kayan aiki, suka haye teku zuwa Korinti, 'yan gudun hijira. A can Bulus ya same su. Muna iya sanin lokacin kusan daidai, gama an sami wani rubutu a kan dutse a Delfi ta ƙasar Girka wanda ya nuna Galiyo, wanda aka kai Bulus gabansa (18:12), yana mulkin Akaya a wajen 51 zuwa 52.

Luka bai ce Bulus ne ya yi masu baftisma ba, Bulus kuma da kansa ya ce mutanen gidan Istifanas ne nunan fari na Akaya (1 Korintiyawa 16:15). Ga alama dai sun riga sun ba da gaskiya tun suna Roma, bangaskiyarsu kuma ta yi ƙaura tare da su.

Sai mu dakata a nan kaɗan. Akwai 'yan'uwa da yawa a cikinmu waɗanda ba su zaune inda aka binne cibiyarsu. Waɗansu aikin gwamnati ne ya kawo su, ko soja, ko fatauci. Waɗansu kuwa tashin hankali ne ya raba su da gidajensu a Barno da Yobe da Adamawa tun daga 2009. Jarabar baƙo ita ce ya ce a ransa, "A nan ba gida ba ne, in na koma gida na kama aikin Ubangiji." Da haka shekara biyar ta kan wuce, har goma, mutum yana zuwa sujada ya zauna a bayan kowa, yana fita da zarar an yi addu'ar ƙarshe. Akila da matarsa ba su daɗe da sauka a Korinti ba suka karɓi wani baƙo a gidansu, alhali su ma baƙi ne.

Abin da ya fara haɗa su da Bulus sana'a ce, gama dukansu maɗinkan tanti ne. Aiki ne mai kama da dukanci: a yanka fata ko ƙyalle mai kauri, a huda, a ɗinka, tun safe har hasken rana ya ƙare. Manyan Girkawa da Romawa suna raina mai cin abinci da aikin hannu, amma manzon bai ji kunya ba. Ran Asabaci ya kan shiga majami'a yana rinjayar Yahudawa da Girkawa (18:4), sauran kwanakin kuwa yana zaune tare da Akila a bakin aiki. Shekara ɗaya da wata shida ya yi a Korinti (18:11). Sai mu ƙiyasta irin tambayoyin da miji da mata suka yi masa, hannu yana ɗinki, kunne yana sauraro. Labudda a wurin nan suka ƙara sanin Littattafai wanda ya yi masu amfani daga baya.

Mu kan yi zaton shaida wani aiki ne dabam wanda a ke fita yi ran Lahadi da yamma, da Littafi Mai Tsarki a hannu. Wannan yana da kyau, kada a bari. Amma maƙwabcinmu a kasuwa yana ganinmu kwana shida kafin ya ji wa'azinmu sau ɗaya. Ya san ko mudunmu cikakke ne. Ya san ko tela ya cika alkawarin ranar da ya sa, ko kuwa ya ci kuɗin mutane ya ɓuya. Mai bi wanda a ke binsa bashi a unguwa duka yana kauce wa masu binsa, da wane baki zai yi maganar Mai Ceto? Da a ce tantin da Akila ya ɗinka yana yoyo, da mutanen Korinti ba su tsaya jin abin da baƙonsa ke faɗi ba.

Da Bulus ya tashi daga Korinti suka bi shi cikin jirgin ruwa har Afisa, ya bar su a can ya wuce. Yana nesa sa'ad da Afolos ya iso. Mutumin Iskandariya ne ta Masar, birnin malamai, mai iya magana, masanin Littattafai, mai himma cikin ruhu. Abin da ya koyar a kan Yesu daidai ne, sai dai baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Biriskila da Akila suna zaune cikin majami'a suka ji shi, suka kuwa gane abin da ya rage masa.

A nan ne darasinmu ya fi nauyi. Hanya biyu masu sauƙi suna gabansu, mu kuma mun san su sarai. Ta fari, su miƙe cikin taro su ƙaryata shi a gaban jama'a, kowa ya san su ne suka zauna da Bulus. Ta biyu, su yi shiru a gabansa, su koma gida su yi ta maganarsa da maƙwabta, har zancen ya zaga gari kafin ya kai kunnen mai shi. Ta biyun nan ce ta fi yawa cikin ikkilisiyoyinmu, ita ce kuwa ta fi ɓarna, domin mai wa'azi ba ya gyaruwa, jama'a kuma ta rabu kashi biyu. Su kuwa suka ja shi gefe, suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah sosai (18:26). Ku lura, matar tana cikin masu bayanin. Mijinta bai ce ta koma wajen murhu ba, ita ma ba ta ture shi ta yi gaba ita kaɗai ba. Afolos kuma ya cancanci yabo, gama ba kowane malami ne zai zauna maɗinkan tanti su gyara masa karatu ba.

Ga abin da ya biyo baya: 'yan'uwa na Afisa suka rubuta masa takardar shaida, ya haye zuwa Akaya, ya taimaki masu bi ƙwarai. Daga baya Bulus ya kwatanta kansa da mai shuka a Korinti, Afolos kuwa da mai ban ruwa (1 Korintiyawa 3:6). Da an kunyata shi ran nan cikin majami'a, wa ya san ko gonar za ta sami mai shayar da ita?

Sau biyu Bulus ya yi maganar ikkilisiyar da ke taruwa a gidansu, a Afisa (1 Korintiyawa 16:19), da kuma a Roma, inda suka koma bayan mutuwar Kalaudiyas a 54. A zamanin nan masu bi ba su da ginin sujada. Ɗaya daga cikin wuraren sujada mafi tsufa da aka tono, a Dura-Yurofos ta ƙasar Suriya, gidan zama ne wanda aka rushe bango tsakanin ɗakuna biyu don jama'a su sami wuri, a wajen shekara ta 240, watau kusan shekara ɗari biyu bayan Akila. Buɗe gida ga ikkilisiya yana da tsada. Tabarma tana tsufa, abinci yana ƙarewa, maƙwabta suna ganin masu shiga da fita, ran da fitina ta tashi kuwa kowa ya san ƙofar da za a nufa. Bulus ya shaida cewa sun yi kasai da ransu dominsa, har ya ce ikkilisiyoyin al'ummai duka suna gode masu.

Irin wannan gida ba ya yiwuwa sai miji da mata bakinsu ɗaya. Maigida wanda ya ke gayyato 'yan'uwa ba tare da ya shawarci uwargida ba, ya bar ta da ɗawainiya da garin tuwo kaɗan, bai bi sawun Akila ba, ko da a coci ana yabonsa da karamci. Yara kuma suna kallo. Sun san ko fuskar da mu ke nuna wa baƙo ita ce mu ke nuna masu bayan baƙon ya tafi.

Ambato na ƙarshe yana cikin 2 Timoti 4:19. Bulus yana kurkuku, yana ganin ƙarshensa ya kusa, ya kuma faɗi cewa Dimas ya yashe shi. Cikin 'yan gaisuwar da ya aika wa Timoti, sunan waɗannan tsofaffin abokan sana'arsa ne na fari, har yanzu tare, sunan matar a gaba.

Don tattaunawa: Wane baƙo ne ya zo ikkilisiyarmu cikin wannan shekara wanda har yau babu gidan da ya ci abinci? In mai wa'azi ya yi kuskure ran Lahadi, wa ya kamata ya fara ji, a ina kuma?