Deksametason Da Ciwon Huhu Mai Tsanani

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wani magani ne da ake samu a kusan kowane kemis, wato deksametason. Yana cikin dangin magungunan da likitoci ke kira sitiroyid.

Huhun mutum cike yake da 'yan ƙananan jakunkunan iska, ta cikinsu ne iskar oksijin take shiga jini. Idan ciwon haƙarƙari mai tsanani ko korona ya kama mutum, jiki yakan tashi yaƙi da cutar. Wani lokaci yaƙin yakan wuce gona da iri, huhu ya kumbura, ruwa ya cika jakunkunan nan. Mutum yana ta haki amma iska ba ta isa jini. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da kumburin. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

A shekarar 2020, masana na Jami'ar Oksfod a Ingila sun gwada shi a binciken da ya ƙunshi masu korona fiye da 6,000 da ke kwance a asibiti. An ba wasu miligiram 6 kowace rana har zuwa kwana 10. Cikin waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, mutuwa ta ragu da kusan kashi 1 cikin 3. Cikin waɗanda aka sa wa oksijin kawai, ta ragu da kashi 1 cikin 5. Amma a lura da wannan: waɗanda ba su bukaci oksijin ba, maganin bai amfane su ba.

A nan ne damuwata take. A ƙauyukanmu ana shansa don ƙiba, ko ciwon gaɓoɓi, ko tari, ba da sanin likita ba. Wannan ƙiba ba ta lafiya ba ce. Shansa na dogon lokaci yana kawo hawan jini da ciwon sukari, yana raunana garkuwar jiki, har tarin fuka da ya kwanta ya farka. Wanda ya daɗe yana sha kuma, kada ya daina farat ɗaya, ya je ma'aikacin lafiya ya rage masa sannu a hankali.

Iyaye mata, ku ƙirga numfashin yaro mai tari na minti ɗaya lokacin da yake natse. Daga wata 2 zuwa wata 11, sau 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, a nemi abin hawa nan take zuwa asibitin da ke da oksijin, ko da tsakar dare ne.