Yadda Za Ka Yi Idan Banki Ya Hana Ka Obadiraf Bayan Ka Biya Tsohon Bashi

Ka biya bashin da ya taɓa maƙale maka, ka koma banki neman obadiraf, wato izinin cire kuɗi fiye da abin da ke cikin asusunka, sai aka ce maka ba ka cancanta ba. Kada ka yi fushi ka fice, domin gyaran daga nan yake farawa.

Da farko, tambayi jami'in da ke kula da asusunka dalili, ka roƙi a rubuta maka. Amsar "daga sama ne" ba ta wadatar ba.

Sannan nemi rahoton tarihin bashinka. A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba lasisin tattara shi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 kan bayanan bashi ta ba ka damar karɓar rahoto kyauta sau ɗaya a shekara. Nemi na duka ukun, saboda abin da ke wajen wannan ba lallai ya kasance wajen wancan ba.

Nan ne aikin yake. Bi rahoton layi-layi. Sau da yawa mutum ya biya, amma wanda ya ba shi rancen bai sabunta bayanin ba, sai sunansa ya ci gaba da zama cikin masu taurin bashi. Wani lokaci ɗan ragowar caji ne a tsohon asusu, ko rancen manhajar waya da ka manta, ko wani da ka tsaya wa ya gaza biya. Duk suna rataye da lambar BVN ɗinka. Idan ka ga kuskure, koma wurin mai bashin ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka haɗa ta da rasit, ka shigar da ƙorafi a rubuce gare shi da kuma kamfanin rahoton. In an yi biris da kai, kai kuka Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki.

Idan kuwa bayanin daidai ne, sai haƙuri. Biyan bashi ba ya goge tarihin jinkiri. Doka ta ce a adana bayanin aƙalla shekara 6. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya wanke maka suna, ɗan damfara ne.

Kada ka bi bankuna kana cike fom. Kowane binciken da banki ya yi a rahotonka yana barin sawu, kuma yawansa na nuna kamar kana cikin matsi.

Maimakon haka, raya asusu guda. Albashi ko cinikin shago ya riƙa shiga ta nan na tsawon wata 6 zuwa 12, tunda shige da ficen kuɗi banki ke dubawa. 'Yan kasuwarmu masu ajiye ciniki a durowa su suka fi cutuwa a nan. In ka sake nema, nemi kaɗan.

Wanda kuma kuɗin ruwa ke damunsa, ko kaya yake son saye, ya tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, game da murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar maka da riba. Amma ka sani su ma rahoton nan za su duba, don haka gyara shi tukuna.